Fasto a Dogon Hutu: Tambayoyi da Amsoshi Kan Bitar Rayuwa da Hidima a Lokacin Sabatikal

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan tasowa duk inda fastoci suka zauna ana maganar dogon hutun da aka fi sani da sabatikal, ko a taron ma'aikata, ko a ɗakin malamai na makarantun tauhidi, ko a hirar bayan taron majalisa. An fara da masu sauƙi, aka gangara zuwa masu nauyi. Inda wata amsa ta jingina da wata, an nuna lambarta.

1. Mene ne sabatikal, kuma me ya raba shi da hutun shekara?

Hutun shekara 'yan makonni ne, kuma yawanci a gona yake ƙarewa, ko wajen biki, ko jinyar wani a gida. Sabatikal kuwa lokaci ne mai tsawo, daga wata 3 har zuwa shekara guda, wanda ikilisiya ke sauke wa ma'aikacinta nauyin aiki gaba ɗaya bayan ya yi shekaru a jere yana hidima. Albashinsa na tafiya, wurinsa na jiransa. Ba wa'azi, ba zaman dattawa, ba ɗaurin aure, ba biso. Ana so jiki ya huta, zumunci da Allah da na iyali ya farfaɗo, sannan mutum ya zauna ya dubi inda ya fito da inda ya nufa.

Kowace ɗarika da nata tsarin. Ko a ECWA kake, ko COCIN, EYN, HEKAN, LCCN, Baftis ko Angilikan, ka nemi littafin ƙa'idojin aikin ma'aikata daga sakataren gundumarka, ka karanta da idonka kafin ka buɗe baki a gaban kowa.

2. Yana da tushe a Littafi Mai Tsarki, ko al'adar Turawa ce kawai?

Gaskiya ɗaya ce: babu ayar da ta umarci fasto ya tafi hutun wata 3. Dokar shekara ta bakwai da ke Fitowa 23:10-11 da Littafin Firistoci 25 a kan ƙasa take, wato a nome ta shekara 6, a ta bakwai a bar ta ta huta. Amma darasin a fili yake ga duk wanda ya taɓa riƙe fartanya. Gonar da ba a taɓa bari ta zama saura ba, tana nan da sunan gona, sai dai kowace kaka abin da take bayarwa raguwa yake yi. Akwai kuma tambayar da Firistoci 25:20 ta hango mutane za su yi, cewa me za mu ci a shekara ta bakwai in ba mu yi shuka ba. Ita ce dai tambayar da dattawa za su yi maka da wasu kalmomi. A Markus 6:31 Yesu da kansa ya janye almajiransa zuwa wurin da ba kowa su ɗan huta, a daidai lokacin da jama'a ke ta kai da kawowa har ba su samu sukunin cin abinci ba.

Tsarin da muke gani yau daga jami'o'i ya fito. Jami'ar Harvard ta Amurka ta fara ba malamanta irin wannan hutu a 1880, malaman jami'o'inmu na Nijeriya ma suna cin moriyarsa har gobe. Su kansu mishan na SIM da SUM da suka kawo bishara yankinmu, duk bayan 'yan shekaru sukan koma gida dogon hutu, kuma SIM ta gina gidan hutu a Miango kusa da Jos domin ma'aikatanta. Aikin muka gada daga hannunsu, hutun muka bari a ƙasa.

3. Yaya zan nema ba tare da an ce na gaji da aikin Allah ko ina ɓoye wani laifi ba?

Wannan tsoro yana da dalili. A wurare da yawa, in aka ga fasto ya bar bagade na watanni, abu biyu ake zato: ko horo aka ɗora masa, ko ciwo ne ake ɓoyewa. Maganinsa a yi komai a fili kuma da wuri. Ka fara da shugaban da ke sama da kai, a majalisar gunduma ko ta yanki (DCC ko RCC) ko dayosis, kamar shekara guda kafin lokacin. Daga nan sai dattawan majami'arka. Ka kai musu takarda gajeriya mai ɗauke da ranar tafiya, ranar dawowa, wanda zai riƙe aiki, da abin da kake son yi da lokacin.

Kada ka zama kai ne mai sanarwa. A bar shugaban gunduma ko babban dattijo ya tsaya a gaban jama'a ranar Lahadi ya ce, "Mu ne muka ba Baba Rabaran hutu, zai dawo rana kaza," a yi maka addu'a, a sallame ka. In kuwa ana cikin rikici tsakaninka da dattawa, a fara kashe wutar tukuna. Hutun da aka tafi ana fushi, kowa zai karanta shi a matsayin kora ko gudu.

4. A ina ya kamata in yi hutun? Ba zan iya zama a gidan fasto ba?

Gidan fasto yawanci a harabar majami'a yake, ƙararrawar addu'ar asuba a kunnenka take bugawa. Wanda matarsa ke naƙuda da tsakar dare ba zai tuna kana sabatikal ba, kai ma ba za ka iya rufe masa ƙofa ba. Zama a nan hutun jaki ne da kaya a ka. Ƙauyenku ma ba lallai ya fi ba, domin can kai ne mai sasanta rikicin gona da rabon gado.

In da hali, ka yi aƙalla makonnin farko a wani gari: ɗakin baƙi na makarantar tauhidi, gidan hutu irin na Miango, ko gidan abokin aiki a wata gunduma inda ba a san ka ba. Ka tambayi halin hanya da na tsaro kafin ka tashi. Wayar aiki a bar ta hannun mai riƙon aiki, ka fita daga zaurukan WhatsApp na majami'a, ka riƙe layi ɗaya da iyali da mutum biyu kawai suka sani. Ranar Lahadi ka je sujada a wani wuri, ka zauna a benci kamar kowa. In sun gane ka suka ce, "Baba, ko kalma ɗaya," ka yi godiya ka ƙi.

5. Yaushe zan fara bitar? Daga ranar farko?

A'a. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, musamman ga masu himma. Mutum ya sauka daga bagade ranar Lahadi, Litinin ya ɗauki biro yana rubuta tsarin shekara 10. Abin da gajiyayye ya rubuta, gajiyarsa ce ke magana.

Dubi yadda Allah ya bi da Iliya a 1 Sarakuna 19. Bayan nasarar Dutsen Karmel ya gudu jeji, ya zauna a gindin itace yana roƙon mutuwa. Ba a yi masa wa'azi ba. An bar shi ya yi barci, aka tashe shi ya ci ya sha, ya sake kwanciya, aka sake ciyar da shi. Sai da ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Horeb kafin aka tambaye shi abin da yake yi a wurin. Duk da haka lissafinsa bai fita daidai ba: ya ce shi kaɗai ya rage, alhali akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. In annabi ya yi kuskuren lissafi saboda gajiya da tsoro, kai da ni ba mu fi ƙarfin haka ba.

In hutun wata 3 ne, ka ba makonni 3 ko 4 na farko ga barci, tafiyar ƙafa, cin abinci tare da iyali, da karanta Littafi Mai Tsarki ba don neman wa'azi ba. A makon farko za ka iya jin kasala, ciwon kai, ko wani irin kaɗaici da jin kamar ba ka da amfani. Ba baƙon abu ba ne, yakan wuce. Makonni 6 na tsakiya su ne na bita. Ragowar na rubuta abin da ka yanke ne da shirin komawa, kamar yadda yake a tambaya ta 13 da ta 16.

6. Da me zan fara: hidimata ko rayuwata?

Da kanka. Bulus ya gaya wa dattawan Afisa a Ayyukan Manzanni 20:28 su kula da kansu, sannan da garken. Haka ya jera wa Timoti a 1 Timoti 4:16, kansa tukuna, sannan koyarwarsa. Ka sayi littafin rubutu wanda ba wanda zai karanta, ka amsa tambayoyin da ba a yi maka a taron majalisa. Yaushe rabona da yin addu'a ba a gaban mutane ba? Wa nake riƙe da shi a zuciya tun wurin aikina na baya? Wane zunubi ne na saba da shi har na daina kiransa zunubi? In aka cire mini kwala da sunan Rabaran, me ya rage? Zabura 139:23-24 ta isa addu'ar buɗe kowane zama.

Kada ka yi duka a rana ɗaya. Awa 2 da safe sun isa, sauran yinin ka yi rayuwa.

7. Da wane ma'auni zan auna hidimata, in ba yawan mutane da baiko da gini ba?

Waɗannan ukun su ne ke shiga rahoton gunduma, kuma ba laifi ba ne a ƙidaya su. Matsalar ita ce ba kai suke aunawa ba. Faston da aka tura unguwar ma'aikata a Abuja zai ga baiko na hawa ko da wa'azinsa ba gishiri, wanda ke ƙauyen da rikici ya watsa zai ga benci na raguwa ko da ya ba da ransa.

Ga abin da ya fi nuna gaskiya. Ka ɗauko littattafan wa'azinka na shekarun baya, ka jera nassoshin da ka yi wa'azi a kansu. Za ka ga littattafan da kake ta komawa gare su, da waɗanda ba ka taɓa buɗewa a bagade ba, da kuma yawan Lahadin da suka tafi a kan tara kuɗin gini. Sannan ka rubuta yadda mako guda na aikinka yake tafiya, awa nawa ga shirin wa'azi, nawa ga ziyara, nawa ga tarurruka, nawa ga bin magina da sayen siminti. Ka ajiye wannan kusa da abin da ka ce an kira ka ka yi ranar da aka keɓe ka. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce ainihin abin bitar. Manzanni sun yi irin wannan lissafi a Ayyukan Manzanni 6, suka miƙa rabon abinci ga mutum 7 domin su tsaya ga addu'a da hidimar Kalma.

Tambaya mafi zafi kuwa ita ce: wa na horar? Afisawa 4:11-12 ta ce an ba da fastoci domin su shirya tsarkaka su yi aikin hidima. In ka yi shekara 7 a wuri, kuma babu dattijo ko matashi ko mace a zumuntar mata da zai iya jagorantar nazarin Littafi Mai Tsarki in ba ka nan, to ka yi aiki tuƙuru, amma a madadin mutane ka yi shi. Abin da surukin Musa, Yetro, ya gaya masa a Fitowa 18 ke nan: zai gajiyar da kansa, ya gajiyar da jama'a.

8. Ina matsayin matata da 'ya'yana a wannan bita?

Mama ta yi shekarun nan tana aikin da ba a ɗauke ta ba, ba a kuma biyanta: dafa wa baƙin majami'a, jagorancin mata ko tana so ko ba ta so, haɗiye maganganun da ake jifanta da su domin kada a ce matar fasto ta yi faɗa. In kai ka tafi hutu ita ta ci gaba da wannan duka, rabin gidan ne ya huta. A sa a cikin takardar da aka ambata a tambaya ta 3 cewa ita ma an sauke mata nauyi.

Ka zauna da ita ka tambaye ta abin da hidimar nan ta ci mata, da abin da take so ta yi da rayuwarta wanda canjin wurin aiki ya yi ta katsewa, ko karatu ne, ko sana'a, ko aikin gwamnati da ta bari. Ka yi shiru ka ji, kada ka mayar da amsarta zaman ba da shawara. Yara kuma ɗaya bayan ɗaya, ba a taron addu'ar dare ba. Ɗan fasto ya san sarai cewa in bikin makarantarsa ya haɗu da bison wani, biso ne zai ci. Wasu maganganun da za ka ji za su yi ɗaci. Amma 1 Timoti 3:4-5 ta sa riƙon gida cikin sharuɗɗan aikin kansa, saboda haka wannan ma bitar hidima ce.

9. Lafiyar jiki fa? Ni ba na jin ciwon komai.

Hawan jini ba ya sallama. Ka je asibiti a makonnin farko a auna jininka, suga, ido, da nauyi. In awon ya yi ta kaiwa 140/90 ko sama, magana ce ta likita, kuma shan magani ba rashin bangaskiya ba ne. Wanda ya haura shekara 50, ko yake yawan tashi fitsari da dare, ya gaya wa likita a duba shi.

Akwai kuma ciwon da awo ba ya nunawa. Fastoci da yawa a Filato, Kudancin Kaduna, Binuwai, Borno da Adamawa sun binne mutane da dama a rana ɗaya, suka hau bagade washegari suna ta'azantar da wasu. 'Yan'uwanmu na EYN sun ga hedkwatarsu ta Kwarhi ta faɗa hannun Boko Haram a Oktoban 2014, ma'aikata da yawa suka yi gudun hijira tare da garkensu. In kana firgita cikin barci, ko saurin fushi, ko ka ji zuciyarka ta bushe ba ka jin tausayin kowa, ka nemi mai ba da shawara da aka horar a kan raunin zuciya. In tunanin kashe kanka ya taɓa zo maka, kada ka jira hutu, ka gaya wa likita da wani amintacce yau.

10. Ya dace in sa maganar kuɗi da ritaya cikin abin da ake kira lokacin ruhaniya?

Ya dace ƙwarai, kuma a nan ne yawancinmu muke kawar da kai. Gidan da kake ciki ba naka ba ne. Ranar da ka yi ritaya, ko Ubangiji ya kira ka, za a buƙaci ɗakin domin mai zuwa, kuma duk mun ga gwauruwar fasto tana kwashe kaya ba ta san inda za ta nufa ba. Ko Lawiyawa an yanka musu shekarun sauka daga aiki, shekara 50, a Littafin Ƙidaya 8:25.

Ku zauna da Mama ku rubuta komai a takarda ɗaya: bashin da ake bin ku, adashi, kuɗin makarantar kowane yaro har ya gama, fili in akwai da inda takardunsa suke, shekarun da suka rage maka a aiki. Ka je ofishin gunduma ka tabbatar kuɗin fanshon da ake cirewa daga albashinka yana isa inda ya kamata. Ka duba sunan wanda ka rubuta a matsayin magaji a banki, domin wasu har yanzu sunan mahaifinsu da ya rasu ne a wurin. Ka rubuta wasiyya. In kana tunanin wata sana'a ta gefe, kiwo ko noman rani ko koyarwa, ka auna ta da tambaya guda: za ta sa in riƙa ciniki ko cin bashi a hannun membobina? In eh, ka sake tunani.

11. Zan iya amfani da lokacin in ƙaro digiri?

Hutun karatu daban, sabatikal daban. In abin da kake bukata digiri ne, ka nemi hutun karatu kai tsaye. Makarantun tauhidi na nan: TCNN da ke Bukuru, wadda ta fara a Gindiri a 1959, JETS a Jos tun 1980, da na Kagoro, Gindiri, da Kulp a Kwarhi. Amma wanda ya cusa rubutun kammala digiri cikin wata 3 zai dawo da takarda da kuma gajiyar da ya tafi da ita. Taura biyu ba ta taunuwa.

Abin da ya dace da sabatikal shi ne ka tambayi kanka dalilin son digirin. In bitar da ke tambaya ta 7 ta nuna maka giɓi na gaske, misali kana fama da rikicin aure a majami'a ba ka da horon ba da shawara, to karatu ya zama buri mai ma'ana. In kuwa don abokan ajinka duk sun zama Dakta ne, ko don zaɓen gunduma na tafe, gara ka faɗa wa kanka gaskiya. Littattafai 3 ko 4 da ka daɗe kana son karantawa, da zama a ɗakin karatu na ɗaya daga makarantun nan, sun wadatar.

12. Ni kaɗai zan yi wannan bita?

Kada ka yi kai kaɗai. Ka nemi mutum ɗaya da za ku riƙa ganawa kamar sau ɗaya a mako 2. Wanda ya fi dacewa tsohon fasto ne da ya yi ritaya, wanda ba ya neman komai a wurinka, ba shi da hannu a canjin wurin aikinka, kuma an san bakinsa da nauyi. Shugabanka na yanzu bai dace ba ko da mutumin kirki ne, domin ba za ka iya gaya wa mai sa hannu a takardar tiransifa cewa addu'arka ta mutu ba. Kafin ka tafi kuma, ka roƙi mutum 4 ko 5 a majami'a, har da mace da matashi, su rubuta maka abu ɗaya da kake yi da ke taimakonsu da abu ɗaya da suke so ka canza. Ka rufe takardun, sai a wata na biyu ka buɗe.

13. Buri nawa zan fito da su, kuma yaya zan rubuta su?

Kaɗan. Iliya ya sauko daga Horeb da aiki 3 kacal, ɗaya daga ciki kuwa shi ne ya keɓe Elisha wanda zai gaje shi. Biyu na rayuwarka, biyu na hidima, sun isa. "Zan ƙara kusanci da iyalina" fata ne, ba wanda zai iya tambayarka a kansa. "Ranar Litinin ba taro, ba ziyara sai ta mutuwa" shi ne abin da matarka za ta iya riƙe ka da shi. Haka "zan horar da shugabanni" ya zama "mutum 3, ga sunayensu, za mu zauna kowace Asabar ta farkon wata, kafin Kirsimeti kowannensu ya yi wa'azi sau ɗaya."

A ganina jerin da ya fi wannan muhimmanci shi ne na abubuwan da za ka daina. Makonka cike yake tun kafin ka tafi, ba inda sabon abu zai shiga sai an fitar da wani. A gaban kowane buri ka rubuta abin da zai ba shi wuri: kwamitin gini da za ka miƙa wa dattijo, gayyatar wa'azin farkaswa a wasu garuruwa da za ka rage, riƙe littafin kuɗi da tun farko bai kamata ya zauna a hannunka ba. Wanda ya dawo da buri 15 bai ajiye ko ɗaya daga tsofaffin kayansa ba, kafin Ista ya manta inda ya sa takardar.

14. In na gano ba na son komawa fa?

Ka fara rarrabe abu uku, domin sukan yi kama: gajiya, ƙarewar aikinka a wannan wuri, da shakkar kiran kansa. Gajiya takan sauka bayan makonnin farko, shi ya sa tambaya ta 5 ta hana yanke hukunci da wuri. In bayan ka huta ka ga har yanzu kana son wa'azi da kiwon mutane, amma tunanin wannan majami'ar ne ke danne maka ƙirji, wataƙila lokacin canjin wuri ne, kuma akwai hanyar neman sa ta gunduma. In kuwa ka duba ka ga tun farko iyaye ne suka tura ka makarantar Baibul, ko rashin wani aikin ne, wannan magana ce babba da za a ɗauki watanni ana yi da mutumin da ke tambaya ta 12 da kuma matarka. Barin aikin fasto ba barin Kristi ba ne.

Ko wanne ne, ka koma. Mutane sun biya albashinka suna jiranka, aiko da takardar murabus daga wurin hutu cin amana ne, kuma zai rufe ƙofar sabatikal ga duk wanda zai zo bayanka. Wurare da yawa ma sukan sa sharaɗin sai ka yi aƙalla shekara guda bayan dawowa. Neman wani aikin ko buɗe taka majami'ar a ɓoye cikin hutun, shi ma cin amana ne.

15. Majami'ata ƙarama ce a ƙauye, albashi ma da ƙyar. Wannan ba maganar fastocin birni ba ce?

A Amurka akwai gidauniyar Lilly da ke ba ikilisiyoyi kuɗi domin hutun fastocinsu, amma na ikilisiyoyin can ne. Mu sai mu yi da abin da ke hannu. Wata 3 in ba zai yiwu ba, mako 6 a jere ya fi babu, muddin na gaske ne. Dattawa su karɓi wa'azi bi da bi, ɗalibin makarantar tauhidi da ke neman wurin gwajin aiki ya taimaka, faston da ke kusa ya zo domin Jibin Ubangiji da baftisma, kai ma ka rama masa a shekara mai zuwa. Masauki kuma, fastoci biyu na gundumomi daban za su iya karɓar juna.

Zaɓen lokaci yana rage rabin wahalar. Ka kauce wa Kirsimeti, Ista da godiyar kaka. In gona ce ke ciyar da gidanka, damina ba lokacin tafiya ba ne, sai ka duba tsakanin Janairu da farkon shirin Ista, amfani yana rumbu, aikin gona bai taso ba.

16. Ina tsoron in dawo in tarar an fi son wanda ya riƙe mini aiki. Kuma yaya zan koma?

Zai iya faruwa a yaba masa, har wasu su ce wa'azinsa ya fi naka daɗi. Baƙo ne, wa'azinsa mafi kyau ya kawo, bai taɓa hana kowa Jibi ba. A rubuta tun farko iyakar aikinsa da ranar da zai miƙa, kada ya canza dattawa ko ya fara sabon gini. In ka tarar majami'a ta yi kyau ba ka nan, ka koma tambaya ta 7, wannan shaida ce a gare ka. In kuwa kishin ya ƙi sauka, ka kai shi wurin mai ba ka shawara, kada ka kai shi bagade.

Lahadin farko ka zauna ka saurara, wani ya yi wa'azi. A makon ka gana da mai riƙon aiki da dattawa, su fara ba ka labari kafin ka ba su naka: wa ya rasu, wa ya haihu, wa ya daina zuwa. Gidajen da aka yi rashi su ne ziyararka ta farko. Ayyukan da wasu suka riƙe da kyau, ka bar su a hannunsu. Rahoton da za ka ba dattawa da gunduma kada ya wuce shafi 2: abin da ka yi, godiya, da canje-canje 2 ko 3 da suka shafi aikinsu, kamar ranar hutunka ta mako da kwamitin da za ka sauka daga kai. Abin da ke littafinka na sirri ba na rahoto ba ne. Ka sa rana da mai ba ka shawara bayan wata 3, da wata bayan wata 6, ku buɗe takardar burin ku duba wanne ya tsaya, wanne ya faɗi, da dalili.